Zanar da Na Jefar

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau na koya wa 'yan aji fuɗu darasin kimiyya kan gogayya. Na ɗora bulo a kan katako, na riƙa ɗaga bakin katakon a hankali. Bulo yana zaune abinsa. Na ce musu akwai ƙarfin da ke riƙe da shi tsakanin gindinsa da katakon, kuma ƙarfin yana da iyaka. Na ƙara ɗagawa, sai sululu, ya faɗo. Suka yi ta dariya. Shekara tara ina wannan wasan a Tambuwal, ko sannu babu mai ce min.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yaya Shafi'u ya kira. An sussuke gero a gona, Asabar za a kwaso, in zo gida Fakku. Wai ko buhu ɗaya ne in taya ɗauka, tunda ina ci.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na tarar Baba ya ɗaura wa shanunsa biyu amalanke, Ja da Fari. A cikin amalanken an shimfiɗa tsohuwar zanar nan tasa, duk ta yi baƙi, sai warin taki take. Abincin da za mu ci za a ɗora a kai. Raina ya ɓaci. Da Baba ya tafi ɗebo wa shanun ruwa, na janye ta na wurga bayan rumbu, na shimfiɗa sabuwar ledar da na zo da ita.

Da ya dawo ya ce, "Malam, ina zanar?" Malam yake ce min in zai yi min ba'a. Na ce leda ta fi tsabta. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "To, kai anka kai makaranta."

Buhu takwas muka loda. Lafiya lau muka taho, har gangarar kwazazzabo. Ina daga baya na ji wani sautin suuu. Buhunan suka zamo gaba duka a tare, suka danne sandar amalanken. Ja ya durƙushe. Na ji ƙarar karyewar ƙashin ƙafarsa da kunnena.

Kafin la'asar an yanka shi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Igiyar ɗaure buhunan ce. Yaya bai ja ta da kyau ba, na gani.

Talata, 12 ga Nuwamba

Kuma wace irin hanya ce wannan? Tun ina yaro take haka, babu wanda ya taɓa zuba mata ko kwanon ƙasa. Amma kowa ni yake kallo. A wurin rabon naman wani ya ce a ba Malam ƙafar. Na ji shi sarai.

Baba ko uffan. Da ya zage ni da ya fi min. Tun Ja yana ɗan maraƙi yake kiwonsa, da hannu yake ba shi dusa. Ranar ko romon bai sha ba.

Hamdiyya ta ce in kira shi in ba shi haƙuri. Na ce mata ita matata ce, ba alƙaliya ba. Haƙurin me? Tsabta ce laifi?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Maimaici a aji. Rauda, mai zama a gaba, ta ɗaga hannu: "Malam, in aka sa leda a ƙarƙashin bulon fa?" Na daka mata tsawa, na ce ta zauna. Yarinya ba ta san komai ba, tambaya kawai ta yi. Haushin kaina ya ishe ni.

Jumu'a, 15 ga Nuwamba

Bayan an tashi na kulle ƙofar aji. Na cika ƙaramin buhu da yashi, na gwada. A kan guntun tabarmar kaba sai da na ɗaga katakon har gwiwata, yana nan daram. A kan leda ko taƙi biyu ban kai ba ya tafi. Kuma da ya fara tafiya, ko na sassauta katakon ba ya tsayawa.

Sau biyar na yi. Ban rubuta a allo ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Saura buhu shida a gona. Babu wanda ya kira ni, na dai je.

Zanar tana nan bayan rumbu, gara ta soma cin gefenta. Na kakkaɓe ta, na shimfiɗa a amalanke kafin su fito. Ba don komai ba, wurin ne bai yi kyau haka ba.

Baba ya zo da san da ya aro wurin maƙwabci. Ya dubi zanar, ya taka ta da ƙafa, ya gyara mata kusurwa ɗaya. Sai ya miƙo min bakin igiya. Bai ce Malam ba. "Abdulganiyyu, ja nan," ya ce.

A gangarar na zuba wa kayan ido. Babu buhun da ya motsa.

Da muka hau tudu Baba ya shafa wuyan san aron, ya ce, "Yawwa, Ja." Sai ya janye hannunsa. Har muka isa gida ban iya ɗaga kaina ba.