Darasin da Malam Yohanna Ya Bari

Batsari,
9 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga aminina Malam Yohanna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Sarah da yara. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maiɗakina Maijidda tana gaishe ku.

Tun da aka katse sabis ɗin waya ba ni da hanyar jin labarinka sai ta bakin Armaya'u direba, mai jigila zuwa Safana, shi kuwa amsarsa ba ta wuce kana nan. Shi ya sa na ɗauki biro.

Har yau ba a turo mana kowa a madadinka ba. Shugaban makaranta ya duba malaman da suka rage, ya ɗora mini lissafin 'yan aji uku, ni da na shekara goma sha ɗaya ban koyar da komai ba sai Hausa. Da na yi ƙorafi, ya ce ai ni na fi kowa zama kusa da kai. Ka ji fa, sai ka ce lissafi mura ne.

Littafin darasinka yana nan cikin durowa, shi nake bi. A shafin ƙarshe ka rubuta kan darasi ka ja layi: yadda ake mayar da lamba mai maimaita kanta bayan ɗigo zuwa kaza bisa kaza. Ƙasan layin babu komai. Na san 0.333... sulusi ne, wannan ko mai rabon gado ya sani. Amma 0.272727... ya tsaya mini a wuya. Yaran su arba'in da ɗaya ne, kuma bana za su rubuta jarrabawar fita. Ina jin tsoron in koya musu kuskure.

Ba cewa nake ka dawo ba. Na ji ka ce ka gama da alli, ban kuma ga laifinka ba. Ka dai rubuto mini hanyar, yadda za ka yi wa mafi daƙiƙancin ɗalibanka bayani.

Ƙarfe goma in an fita hutun tara, har yanzu ƙosan mutum biyu nake saye. Sai na zauna gindin dalbejiya nake tunawa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Nafi'u Mati.


Batsari,
23 ga Oktoba, 2021.

Aminina Malam Yohanna,

Ina gaishe ka gaisuwa irin ta zumunci, tare da fatan iyali duk suna cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin? Yaya aikin kaka a wajenku?

Takardarka ta iso, na gode. Na juya ta gaba da baya ina neman ko da kalma ɗaya ta gaisuwa, ban samu ba, lambobi ne zalla. Da farko ban gane rubutun ba. Daga baya Armaya'u ya ce mini da hagu ka yi shi. Na daɗe riƙe da ita.

Hanyar kuwa na gane ta. A kira lambar x. Tunda lambobi biyu ne ke maimaituwa, a ninka da ɗari, a samu 27.2727..., sai a ɗebe na farko daga na biyu, jelar ta tafi baki ɗaya. Saura 99x daidai da 27, wato 27 bisa 99, a rage ya koma 3 bisa 11. Na yi shi a allo ranar Litinin, yara suka yi tafi, na ji kaina ya yi girma.

Ranar Laraba Nana Hadiza, yarinyar nan 'yar ƙauyen Yasore da ke zama layin gaba, ta kawo 0.1666... Ban yi wani tunani ba na rubuta 16 bisa 99. Ta sunkuya ta raba a takardarta, ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, Malam, ni 0.161616 nake samu. Na tsaya da alli a hannu har aka buga ƙararrawa. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Yohanna, akwai maganar da na kasa rubutawa a waccan wasiƙar. Sunana ne a takardar masu zuwa garin Ruma sa ido a jarrabawa ranar nan ta watan Yuli. Maijidda na naƙuda, ka karɓi makullin babur daga hannuna ka ce in zauna. Kai aka tare a hanya, kai ka yi kwana ashirin da shida a daji, kai aka ɗaure wa hannu har ya lalace. Ni kuwa a ranar aka ba ni jariri. Da ka fito na zo asibiti, na tsaya bakin ƙofa na hango ka, na juya. Har Maman Sarah ta tafi da kai gidan iyayenta a Safana ban iya haɗa ido da kai ba. Mutane suna cewa tsoron hanya ne ya hana ni zuwa. Ba hanya ba ce, kunya ce.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba. Na dai san kewarka ta dame ni. Ba ni da wanda zan yi wa gardama a kan karin magana, ba wanda zai ce mini Hausar Katsina ba ita kaɗai ce Hausa ba.

Ga aikin yaran na haɗo, duka arba'in da ɗaya. Ban yarda da makin da zan ba su ba. In ba za ka iya dubawa ba, a dawo da su yadda suke, ba komai.

Naka har kullum,
Nafi'u.


Batsari,
4 ga Nuwamba, 2021.

Aminina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Allah Ya sa wannan ta same ku lafiya. A gaishe da Maman Sarah, a ce mata na gode da daddawar.

Takardun sun dawo jiya, kowace da jan biro. Armaya'u ya ce kwana huɗu ka yi a kansu, kana yi kana hutawa. Da na raba, yara suka gane kai ne tun kafin in faɗa, saboda wai kai kaɗai ke zagaye kuskure maimakon ka soke shi. Kowa ya sunkuya yana kallon tasa.

Na ga inda na ɓata. Ɗayan nan na farko ba ya cikin masu maimaituwa, sai an tsallake shi. A ninka da goma, 1.666..., a ninka da ɗari, 16.666..., a ɗebe, saura 90x daidai da 15. Ɗaya bisa shida ke nan. Yau na tsaya gaban aji na ce ni na yi kuskure, Nana Hadiza ce da gaskiya. Na miƙa mata alli ta yi shi da kanta. Ta ce in tambaye ka ko 0.999... shi ma yana da nasa. Na ce zan tambaya, domin ni abin da nake samu ɗaya ne cif, kuma ban yarda da kaina ba.

Sai layi biyun da ka rubuta a bayan takardar ƙarshe. Ka ce ba ni na aike ka ba, kai ka ce za ka je, kuma ko yau aka maimaita haka za ka yi. Ka ce wata uku kana sauraren sallamata a ƙofa. Na karanta a ofis, na fita bayan aji don kada a gan ni.

Ka tambayi sunan yaron. Tayyib ne. Yana dariya yanzu, wuyansa ya tsaya. Bai taɓa ganin wanda ya biya masa zamana a gida ranar haihuwarsa ba.

Na kama kujera biyu a motar Armaya'u ranar Asabar, ta safe, in Allah Ya kai mu. Maijidda ta ce ba za a bar ta a baya ba. Kada Maman Sarah ta wahalar da kanta da girki. An ce mini yanzu ba ka cika son magana ba. Babu laifi. Ka sa a shimfiɗa tabarma kawai, in shiru ne ma mu yi shi tare.

Sai mun zo.

Amininka,
Nafi'u Mati.