Wa Ke Yi Wa Issufu Hira?

Zuwa ga matata Rakiya,

Assalamu alaiki. Na san ba mai kai miki takardar nan, ba kuma za ki karanta ta ba. Labari ne ya cika mini ciki, kuma duk Damagaram ban ga wanda zai ji shi yadda za ki ji ba.

Gida lafiya. Innata ta baro Tirmini ta dawo wurinmu a Birni tun bayan sadakar arba'in ɗinki, ita ke riƙe da yaro. Kunnenta ya ƙara nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Tunkiyarki ta haihu. Lallen da kika shuka a bayan ɗaki kuwa ya bushe, ban san yadda kike ba shi ruwa ba.

Maganar yaron nan ce. Kin ga ni ma na ce yaron nan, irin taki. Ga kunyar ɗan fari, ga shi ya ci sunan mahaifina, ban taɓa jin kin ce Issufu a gaban mutane ba. In baƙi suka zo sai ki ajiye shi gefe ki ɗaure fuska, kamar ɗan maƙwabta aka ba ki ajiya. Amma ina jinki in kun shiga ɗaki. Kina ce masa ga ludayi, ga ƙwarya, ga hancinka, shi kuma yana ba-ba-ba yana mayar miki, har ki yi kamar kin ji haushin amsarsa. Ban taɓa gaya miki ina tsayawa bakin ƙofa ina saurare ba. Da kin sani da kin daina, ni kuma ina son jin muryar nan taki.

Lokacin da kika tafi ya iya cewa zo, ya iya cewa ruwa. Bayan rasuwarki duk suka ɓace. Ya wuce shekara biyu, sa'anninsa suna ta surutu a ƙofar gida, shi sai dai ya ja zanen Inna ya nuna abin da yake so da yatsa. Inna ta ce nauyin baki ne kawai. Maƙwabta suka ce a kai shi wanzami ya duba ƙasan harshensa. Ni tsoro ne ya kama ni, kada ɗanki ya tashi bebe a hannuna.

Na kai shi gidan likita ranar awo, ni kaɗai namiji a cikin mata. Malamar awon ta tafa hannu a bayansa, ya waiwayo. Ta ɓoye murfin kwalba a ƙarƙashin kallabi, ya ɗaga ya ɗauka. Ta ce kunnensa lafiya, hankalinsa ma lafiya. Sai ta tambaye ni wa ke yi masa hira a gida. Rakiya, me zan ce mata? Inna tana ciyar da shi tana masa wanka, amma ba ta jin gwarancinsa balle ta amsa. Ni kuwa uban ɗan fari ne, ko ɗaukarsa ba na yi a idon jama'a. Ashe ke kaɗai ke masa magana a gidan nan.

Tun daga nan nake saɓa shi a kafaɗa zuwa rumfar dukancina. Abokan shan shayi suna mini tsiya, wai na shiga jego. Har yanzu in na kira sunansa a titi sai na ji kamar na fito ba hula. Amma ina yi. Ina nuna masa fata, zare, almakashi, ina faɗa ina maimaitawa. Ban iya irin hirarki ba, wani lokaci maganar ta ƙare mini, mu zauna muna kallon juna.

Bakin ya fara buɗewa. Da fari duk dabba a wurinsa mee ce, har raƙumin da ke kawo itace. Yanzu ya raba akuya da jaki. Komai ya gani sai ya nuna ya dube ni, yana jiran in ba shi suna.

To ke fa, me zan nuna masa? Shekaranjiya da hantsi na buɗe masa hotonki a salula, na ce masa ga Mama. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa fuskarki da yatsa. Sai ya juya wayar yana duba bayanta, ya sake juyowa, ya leƙa ƙarƙashin fatar da nake yanka. Da bai same ki ba ya ɗago kai ya ce Mama babu.

Kalma biyu ke nan a haɗe, karo na farko a rayuwarsa. Ba bebe ba ne, Rakiya, ɗanki yana magana. Na waiwaya don in yi wa wani albishir, ban ga kowa a rumfar ba sai ni da shi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki.

Mijinki,
Lawali