Surukata Tana Koyon Harshenmu

Dauphin, Kanada
Watan Janairu

Zuwa ga Yayata Paraska,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Myron da jikoki. Yaya ƙafar taki da sanyin bana? Na ga saƙon ta'aziyyarki, Allah ya saka da alheri.

Yaya, ban gane ɗana Orest ya mutu ba ranar da 'yan sanda suka zo suka ce motarsa ta zame a kan ƙanƙara a titin kusa da gidanmu. Ban gane ba a coci, ban gane ba a maƙabarta. Sai wata rana na sauke miyar borsh, na ɗaga murya daga kicin da harshenmu na ce a zo a ci tun da zafi. Shiru. Matarsa Noreen tana falo, jikata Lesia tana kusa da ita, duk sun ji ni, babu wadda ta san me na ce. Ɗana ne kullum yake amsawa, ya juya musu da Turanci. Na zauna da ludayi a hannu. A nan na gane.

Noreen ta leƙo ta gan ni. Da Asabar ta zagayo, sai ta sa sunanta a ajin masu koyon harshen Yukren da ake yi a ɗakin ƙasan cocinmu. Shekara tara da aure, ba ta taɓa wuce "na gode" ba.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Iyayenta suna Halifax, can bakin teku, kullum suna waya ta dawo da yarinyar, wai an sama mata aikin jinya a asibiti. Ban tambaye ta ba. Turancina na sayen burodi ne, kuma ba ni na haifi Lesia ba. In suka tafi, ba ni da kowa a ƙasar nan. Amma kada ki sa damuwa a ranki. Kin san ni, ba yau na fara ganin wuya ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Stefania

Dauphin
Watan Maris

Yaya Paraska,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya gida? Mu muna nan lafiya, an yi addu'ar arba'in, mutane sun taru.

Ajin Noreen ya kai wurin kalmomin nan uku: hocu, moju, mushu, wato ina so, zan iya, dole ne. Malaminsu ya ce kowa ya sami wanda zai riƙa gwadawa da shi a gida, to ni ce ta samu. Muna ƙulla varenyky, ina cusa dankali a fulawa tana liƙe baki, tana jefo mini jimla. Nata ƙullin duk ya fashe a tukunya. Na ce mata, "'Yar nan, hannunki ma sai an sa shi makaranta." Ta ce da harshenmu, "Zan iya, Mama. Dole ki yi shiru." Na yi dariya har na sha hayaƙin albasa. Ran Lahadi kuma ta miƙa wa limamin coci faranti ta ce, "Dole ka ci!" kamar mai korar akuya. Ya ce, "To, ranki ya daɗe," ya cinye tas.

Shekaranjiya ta ce darasin tambaya ne, ita ta tambaya ni in amsa. Ta ce, "Me kike so?" Na ce shayi. Ta girgiza kai, ta sake tambaya a hankali, tana kallon idona. Yaya, da ƙananan kalmomin da ta sani babu wurin kewaye-kewaye. Na ce, "Ina so ku zauna."

Ta daɗe tana haɗa amsa, leɓenta na motsi. Ta ce, "Ina so in zauna. Ba zan iya ba. Titin nan, kullum ina ganinsa. Dole in tafi." Na ce na ji, na miƙe zan kwashe kwanuka. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke kuma dole ki zo. Lesia ba ta iya komai ba. Ni na iya kaɗan. Wa zai yi mana faɗa?"

Na ce, "Wannan tambaya ce ko umarni?" Ta ce ba su kai wannan darasin ba.

Zan tafi, Yaya. Na bar kabarin mijina a ƙauyenmu na bi ɗana, yanzu zan bar na ɗana in bi 'yarsa, kuma na san Orest ba zai ga laifina ba. An ce akwai ɗaki ƙarami mai kallon ruwa. Lesia ta fara cewa "ina so" da harshenmu, ko da yake alewa kawai take so.

Za mu tashi bayan bikin Ista. Ki yi mana addu'a, ki gaida Myron. Har yanzu ba a kafa dutsen kabarin Orest ba, ƙasa ta daskare, sai ta saki.

Taki har kullum,
Stefania