Hannun Rigar Baba

Yalwawa, Dutse,
14 ga Maris, 2009.

Zuwa ga Yaya Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Fiddausi. Ya Kano, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Saƙonka ya iso, wai in ciro hoton Baba daga faifan walimar aurenka, a wanke maka babba ka rataye a falo. Yaya, babu shi. In ka manta dalili, bari in tuna maka.

Sabuwar kyamarar shagonmu hoto mai faɗi take ɗauka, talabijin ɗin gidajenmu kuwa ba ta da wannan faɗin. Na zaunar da kai na nuna maka: ko a bar baƙin layi sama da ƙasa kowa ya fito, ko a matse mutane su koma kamar karan dawa, ko a datse gefe da gefe. Ka ce baƙin layi sai abokan ofis su ɗauka aikin ɗan koyo ne, a cika allo, ai manyan baƙi suna tsakiya. Na ce akwai mutane a gefe. Ka ce su wa ke gefe in ban da 'yan cin shinkafa?

To, Baba ne a gefe. Kai ɗan fari ne, ko sunanka bai taɓa faɗa ba, ina shi ina zama kusa da kai a bainar jama'a? Can ƙarshen rumfa ya tsaya da kunyarsa har aka shafa fatiha. Ni ma ban fita daga laifi ba. Na gan shi sarai, na datse, don kada ka ce ƙaninka bai iya aiki ba. Asalin ɗaukar kuwa maigidana Alhaji Gaji ya goge tun bara, aka ɗauki wani taro a kai. Abin da ya rage hannun rigar Baba ne, daƙiƙa goma sha ɗaya.

Wallahi ina jin haushinka, amma na kaina ya fi.

Jiya na kai wa Inna faifan can Miga, saboda ta dame ni da tambaya. Hannun rigar na fitowa ta gane shi. Sai ta ce in ɗan karkato mata talabijin ɗin, ko za ta hango sauransa. Na karkata mata, Yaya. In ka zo sadakar arba'in, kai za ka yi mata bayani.

Ka gaida mutan gida.

Naka ƙani,
Kamilu.