Awa Uku da Rabi Zuwa Delhi

Talata, 9 ga Rajab, Bagudo

Matata Hadiza ta kira ni daga filin jirgin Dubai bayan la'asar. Ta ce yayanta Bello ne ke tura ta a keken marasa lafiya, saura jirgi ɗaya su isa Delhi, inda za a yi mata aikin zuciya. Na ce, "Awa nawa ne?" Ta ce, "Uku da rabi, Malam. Kamar ka tashi nan ka tai Birnin Kebbi ka ɗan tsaya hanya." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, Bello ya karɓe wayar.

Gidan ya yi mini faɗi, na kasa zama. Na hau babur har Illo wurin mahaifiyarta. Inna ta ce, "Delhin nan, ta wuce Makka?" Na ce ta wuce. Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta ce, "To wa za ya dama mata kunu in ta farka?"

A hanyar dawowa na yi ta ɗaga kai sama, alhali na san jirginsu ba ta nan zai bi ba.

Ƙarfe tara Bello ya turo saƙo, sun sauka lafiya, tana barci. Ya ce a can har Laraba ta shiga. Shekara goma sha shida da aurenmu, yau ne karon farko da ta shiga wata rana ta bar ni a baya. Allah ka maido mini ita.