Akwatina Ya Ƙi Wutar Surukina

Kawu Harlan,

Don Allah ka taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai raba ni da 'yata ɗaya tilo. Na daɗe ina karanta shafinka ina dariyar masu tambayarka yadda ake zubar da tankin bayan gida. Yau ga ni a layi.

Shekaruna sittin da takwas. Bayan rasuwar mijina Vernon na sayar da gidanmu na sayi motar gida, shekara shida ke nan. Ba babba ba ce: gado ɗaya, murhu mai kai biyu, firiji, sai na'urar sanyaya ɗaki a rufi mai ƙara kamar injin niƙa. Ita ce gidana, ba ni da wani. Da sanyi ina kudancin Texas, in zafi ya taso in haura Colorado. Ni nake tuƙa kayata, ni nake ja da baya in faka, kuma ba na son wani tsoho ya tsaya yana ɗaga mini hannu.

A shekarata ta farko a hanya na yi maƙwabciya a wani sansanin masu motocin gida, sunanta Maxine. A gaban idona ta jona motarta a turken wutar sansanin, ko minti biyu ba a yi ba firiji da talabijin da na'urar sanyi duk suka ƙone. Har yau ina jin ƙaurin nan a hancina. Ba a yi sati ba 'ya'yanta suka zo suka tattara ta, yanzu tana gidan tsofaffi a Wichita tana kallon bango. A satin na sayi akwatin tsaron wuta. Irin wanda ake fara jonawa a turke ne, ya auna wutar, ya yi shiru na ɗan lokaci, in ta yi masa ya bari ta wuce, in ba ta yi masa ba ya hana. Maigadi nake ce masa. Duk inda na sauka shi ke fara shiga, ko a ƙofar coci ne.

To, bikin Godiyar da ya wuce, wanda dangi ke taruwa a ci talotalo a Nuwamba, na je wurin 'yata Renae da mijinta Colby a Oklahoma. Ashe Colby ya kashe Asabar biyu yana zuba mini tsakuwa a gefen gareji, ya ja waya ya kafa mini soket na kaina, don in daina kwana a sansani in na zo. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya taɓa ni, har sai da na juya kai kada a ga idona. Kowa ya fito kallo: Renae, uwar Colby mai suna Glenda, da ƙanensa Trent wanda ya sayi sabuwar tirelar kwana, irin wadda ake ja da mota, yana ta cika baki cewa da Kirsimeti shi ma nan zai jona.

Na ɗauko Maigadi na jona. Ya yi shirunsa, sai ga jar fitila, ga lamba 243. Kawu, ni ban yi makarantar lantarki ba, amma shekara shida ina ganin 118, 120, 121. Na cire na mayar har sau uku, amsar ba ta canja ba.

Colby ya ce, "Mama, cire tsohon abin nan ki jona kai tsaye, ruwa ya sha. Ni na ja wutar garejin nan kaf, injina na walda a kanta yake aiki." Glenda ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Yanzu akwati ne zai koya wa ɗana aiki?" Trent kuwa cewa ya yi shi ba ya sayen irin waɗannan tarkacen, na matsorata ne. Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Akwatin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai kuwa, Colby, har yau fitilar barandarka sai an kunna ta kicin take kamawa." Trent ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Colby ya shige gareji ya rufo ƙofa. Haka muka ci talotalon nan kamar ana zaman makoki. Na mayar da firijina kan gas na kwana biyu, na kama hanya tun kafin ranar da na yi niyya.

Tun da na dawo Texas Maigadi yake aikinsa a turken sansani, lafiya lau, 119. Sai ga saƙo a kwali daga Colby: ɗan ƙaramin abin kare wuta, irin mai arahar nan, da 'yar takarda ya rubuta, "Wannan ba ya gardama." Kai! Da ina kusa da shi da ya ji gardama.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne wayar Renae. Ta ce, "Mama, ki zo Kirsimeti da wanda ya aiko miki, a wuce wurin, don Allah. In kuwa har kin kai inda kike yarda da akwati fiye da mutane, wataƙila lokaci ya yi da za mu zauna mu yi maganar tuƙin nan naki." Na san abin da take nufi sarai. Akwai wani ɗaki a gidanta da keken ɗinki a ciki, tun bara ta sa masa gado da labule mai furanni tana cewa na baƙi ne. Baƙi wa? Ni ake jira in yi tuntuɓe sau ɗaya.

To bari in faɗa maka, ba zan jona gidana a wutar nan ba ko za a haɗa ni da limaman Oklahoma gaba ɗaya. Ba zan ba da haƙuri ba, kuma ba zan miƙa mukullina ba. In na jona kayana suka ƙone, ɗakin keken ɗinki. In na ƙi jonawa, wai na fara ruɗewa, ɗakin keken ɗinki. Yo ina ake so in bi?

Ga tambayata. Gaskiya Maigadi ya tsufa, murfinsa ya tsage, dole in sake. Ina so in sa irin wanda ake ɗaurawa a cikin motar, can bayan allon wuta, yadda babu mahalukin da zai sake ce mini in cire. Wanne zan zaɓa? Ko kuwa akwai yadda za a yi a ce akwatina ne ya yi kuskure? In haka ne ka faɗa mini, zan haɗiye, amma sai na ji daga bakin wanda ya san aikin.

Tsohuwa mai tuƙa gidanta,
kudancin Texas

*

'Yar'uwa mai tuƙa gidanta,

Kada ki jona. Da ɗan ƙaramin da aka aiko miki ko babu shi, kada ki kusanci soket ɗin nan da wayar motarki.

Na yi shekara talatin ina gyaran wutar motocin gida, kuma ba a taɓa yin bikin Godiya ya wuce ba a kawo mini motar da ta ƙone ta wannan hanyar ba. Soket ɗin motar gida mai amp talatin yana kama da na tsohon injin busar da kaya, mai huji uku, ƙato. Duk wanda ya saba da wutar gida, da ya gan shi sai hannunsa ya tafi ga wuta mai ƙarfin 240, alhali mai 120 yake ci. Na ga masu takardar shaidar aikin lantarki ma sun faɗa ramin nan. Mutumin da ya ja wa injin walda wuta shi ya fi kowa saurin faɗawa, don aikin da ya sani ya maimaita. Akwatin da ya nuna 243 a Oklahoma sannan ya nuna 119 a Texas lafiyarsa ƙalau.

Sai maganar zaɓi. Mai arahar nan aikinsa ɗaya, ya shanye wutar da ta zabura farat ɗaya, kamar lokacin tsawa. In wuta ta zo da ƙarfin da ya ninka ta tsaya a haka, ba ya katse ta. Wani irinsa ya kunna fitila kawai, wani ya ƙone kansa, wutar kuwa ta wuce cikin firijinki. Ki nemi wanda yake katsewa da kansa in wuta ta yi yawa, ko ta yi ƙasa, ko an juya waya. Ya zama na amp talatin daidai da motarki, mai nuna lamba ki karanta da idonki, mai ɗan jinkiri kafin ya mayar da wuta don na'urar sanyinki ta huta, kuma mai hatimin masu gwajin kayan lantarki a jikinsa. Na cikin mota ba a sace shi, ba a manta shi a turke, ruwa ba ya dukansa. Aibinsa, ranar da ya lalace sai kin nemi mai gyara. Ga mace mai yawo ita kaɗai ni na cikin nake zaɓa mata, amma mai gyaran motocin gida ne zai ɗaura, ya sa allon lambar inda kike gani daga ƙofa.

Sai dai ki sani, sabon akwati ba zai kashe rigimar nan ba. Zai ƙi wutar Colby a Disamba kamar yadda tsohon ya ƙi ta a Nuwamba, ki tsaya cikin sanyi a gaban mutanen nan dai, uwarsa na tafa hannu.

Kin ce ba za ki ba da haƙuri ba. A kan akwati, ina bayanki ɗari bisa ɗari. A kan fitilar baranda kuwa, kin yi laifi, kuma kin sani, shi ya sa kika ba ni labarin da daɗi haka. Mutum ya kashe hutunsa yana kwasar tsakuwa don ki kwana kusa da 'yarki, kika mayar da shi abin dariyar ƙanensa a gaban mahaifiyarsa. Tun daga lokacin ya daina jin maganar wuta. Renae kuma tsakaninku ta tsaya, ta jefo maganar da ta san za ta girgiza ki. Bai kamata ta faɗa ba. Amma a ganina tsoro ne ya sa ta, na uwa mai kwana a titi da miji mai kumburi a gareji. Ki bar wannan maganar sai an gyara soket, za ki ga ta yi sauƙi.

Abin da ba zai jira ba shi ne Trent. Ke kina da mai gadi, shi ba shi da komai, kuma ya ce nan zai jona da Kirsimeti. Wuta irin wannan ba firiji kawai take ci ba, tana tayar da gobara. Fushinki ba shi da hurumin yin shiru a kan wannan.

Saboda haka ki kira Colby yau, shi da kansa, ba ta bakin Renae ba, a lokacin da kika san yana shi kaɗai. Ki fara da baranda, ki ce bakinki ya yi tsawo. Ki gode masa da tsakuwa. Sannan ki roƙe shi abu biyu: ya karanta ɗan rubutun da ke fuskar soket ɗin, zai ga 125 a rubuce ba 240 ba, ya kuma sa ma'aunin wutarsa ya auna da hannunsa. Kada ki gaya masa abin da zai gani. Kafin a gyara ya kashe makunnin layin daga allon wuta ya manna masa salataf. Gyaran ba babba ba ne, amma mai takardar aiki ya duba bayan an gama. In ya ƙi aunawa, ki kira Trent ki faɗa masa lambar da kika gani, ki kama wuri a sansani mafi kusa, ki riƙa zuwa cin abinci kina komawa gidanki.

Ni dai na san irin su Colby, zai auna. Zai kira ki bayan kwana biyu murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Mama, na ɗan sake duba wayar nan." Iyakar abin da za ki samu ke nan, ba zai ce kin yi gaskiya ba. Ki ce madalla, ki tambaye shi me za ki zo da shi na ci. Kada Glenda ta ji daga bakinki. Na san wannan zai fi miki wuya a kan tuƙi daga Texas zuwa Colorado, amma ranar da Renae ta ga kin gano kuskuren da zai iya ƙona mata gareji, kika kuma rufa wa mijinta asiri, ba ta da bakin ce miki kin ruɗe.

Allah ya kiyaye hanya, ya bar miki mukullinki a hannu har sai ranar da ke da kanki kika ga damar ajiye shi.

Kawu Harlan