An Canza wa Jitar Mijina Kunne

Mama Namfukwe, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da za ki yi mini dariya. Na san masu rubuto miki a kan miji mashayi ko suruka mai baki sun fi ni abin faɗi. Ni tawa matsalar wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne guda biyu, suna nan cikin gwangwanin madara a saman kabad ɗina. Sai dai ba ni da wanda zai saurare ni har in kai ƙarshe.

Mijina Kapambwe, wanda duk unguwar Chamboli ke kira Bashi Ngosa, wato baban Ngosa, saboda 'yarmu ta fari, ya rasu bara. Huhu ne, ya daɗe yana aiki a ramin tagulla. Ranakun hutu kuma shi ne mai kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar kiɗan kalindula, kin kuwa san a kalindula bes ke jan gaba, sauran binsa suke yi. Ranar da ya rasu ban yi kuka ba. Ban yi a gidan makoki ba, ban yi a maƙabarta ba. Ƙanwarsa Bana Lombe, wato uwar Lombe, ta zungure ni ta ce, "Bana Ngosa, ko ɗan matse idon ki yi mana, mutane na kallo." Na matse, ba abin da ya fito. Har yau haka nake. Ina tuƙa nshima, tuwon masararmu, ina ci, ina zuwa kasuwa in sayar da busasshen kifina, ina dawowa. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin daɗi. Gishiri ma sai Ngosa ta ce ya yi yawa a miya nake sani.

Bari in gaya miki yadda jitar take, don ki gane. Tsohuwa ce ja, ya saye ta hannun wani ɗan Kwango tun kafin aurenmu, fentin ya goge daidai inda hannunsa ke kwanciya. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta huɗu akwai abubuwan nan biyu da ke ɗaukar motsin tsirkiya su aika wa lasifika. Makaɗa fikof suke ce musu, shi kuwa kunnuwa yake cewa. Yakan tsokane ni ya ce, "Bana Ngosa, jitar nan ta fi ki jin magana, kunnenta biyu kuma duk suna aiki." Kunnuwan sun tsufa, gumi ya sa sun yi tsatsa. Sautinsu ƙasa-ƙasa ne, mai kauri, a cikin ciki ake jin sa. Suna kuma da aibi guda. Da zarar an jona jitar da lasifika sai ki ji zuuu, irin na tsohon firji, kuma ba ya ɗaukewa sai an ɗora hannu a kan tsirkiya.

Duk safiyar Asabar yakan fito da lasifikarsa baranda. Ni ina bayan gida ina wanki. Sai in ji zuuu, in san ya jona, ya shiga ɗaki neman tabarau. Can sai zuuu ya ɗauke ɗif, in san ya zauna, hannunsa na kan jitar, lokacin kai masa shayi ya yi. Shekara da shekaru ina yi masa mita a kan ƙarar nan. Nakan ɗaga murya in ce, "Bashi Ngosa, in ƙudan zuma kake kiwo a gidan nan, ina zumar?" Shi kuwa dariya kawai yake yi.

Bayan jana'iza dangi suka zauna rabon kaya da fidda magaji. Suka zaɓi Lombe, ɗan ƙanwarsa, kamar yadda ya kamata. Kakanni kwari da baka suke ba magaji, mijina ba shi da baka, sai suka ɗaura wa Lombe bel ɗinsa, suka ɗora masa jitar a cinya, suka ce daga yau shi ne Bashi Ngosa. Ba zancen aure ba ne, Mama, suna ne kawai da riƙon gida. Ngosa da ta girme shi ma tun ranar take ce masa Baba. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Lombe a gidanmu ya tashi, mijina ne ya koya masa kiɗa, yanzu kuma da shi yake ci da matarsa da jaririnsu, a bukukuwan aure da coci.

To, masu haɗa sauti a wuraren nan suka yi ta ƙorafi wai zuuu ɗin na ɓata musu aiki. Sai ya kai jitar aka cire tsofaffin kunnuwan aka sa sababbi. Wata Asabar ya zo, ya durƙusa, ya miƙo mini gwangwanin da hannu biyu, yana ta murmushi, ya ce, "Mama, ƙudan zuman nan da kike ta faɗa a kansu, yau na kore miki su. Ga tsofaffin, na ce kada su ɓata." Na karɓa na ce an gode. Ya ce zai ɗan kaɗa mini a baranda, na ce to, na koma wankina.

Ina tsugune ina saurare, ban ji komai ba. Ba zuuu, ba ɗaukewa, sai kawai kiɗa ya faɗo a kaina. Kuma ba ƙarya, ya yi kyau. Sautin ya fito tar, da ƙarfi, kowace tsirkiya ana jin ta daban, har da wani ƙwal-ƙwal a sama wanda ban taɓa sanin jitar na da shi ba. Maƙwabta suka firfito. Dattijo Ba Chisenga, tsohon mai gangar ƙungiyar, ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai! Ashe duk shekarun nan mura jitar take yi, yau ta fyace hanci!" Kowa ya yi dariya. Ni na matse zanen da ke hannuna na shanya. Jitar mijina ce, waƙarsa ce, amma wani baƙo ne ke magana a barandata.

Tun daga ranar bakina ya ƙi furta sunan Bashi Ngosa. Lombe nake ce masa. Bana Lombe ta ɗauka ƙin magajin nake yi, ta aiko mini da cewa in ban karɓi ɗanta ba in fito fili in faɗa. Wata mai zuwa za a yi bikin buɗe dutsen da aka kafa a kan kabarin, ƙungiyar za ta yi kiɗa, kuma ni ce zan kira magaji da sunan da ya gada a gaban dangi, mu yaye ƙyallen da aka lulluɓe dutsen da shi tare. Idan sunan ya maƙale mini a wuya ranar, na san zumuncin gidan nan ya ƙare.

Mama, in ce masa ya mayar da tsofaffin kunnuwan? Jitar ba tawa ba ce yanzu, abincinsa ce, ba na son a ce na sa hannu a abin da dangi suka bayar. Akwai kuma abin da ya fi wannan ba ni tsoro. Kada a mayar, in ji zuuu, ya ɗauke, ni kuma in ji ba komai kamar kullum. Yanzu dai ina da gwangwani a saman kabad. In na gwada bai yi ba, ban san abin da zai rage mini ba.

Mai busasshen ido, Chamboli, Kitwe

Ya 'yar'uwata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Ban yi dariya ba. Rashin hawaye ba rashin ƙauna ba ne. Wani bugun in ya yi tsanani jiki sandarewa yake yi, kuma ba wanda ke da ikon tsayar miki da ranar kuka, ko da ƙanwar miji ce.

Ni ban san kan jita ba, don haka na kai tambayarki wurin wani mai gyaran kayan kiɗa a nan Ndola. Ya ce kunnenki bai yi miki ƙarya ba. Abin da maigidanki ke kira kunne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya. In ya tsufa ƙarfinsa kan ragu, sautin ya yi taushi da kauri. Sababbin na yanzu sun fi ƙarfi da tsabta, an kuma yi su ne don su kashe zuuu ɗin. Ya ce dalilin da tsohon ke yin shiru in an taɓa tsirkiya shi ne jikin makaɗin ne ke shanye ƙarar. Wato abin da kike ji daga bayan gida duk shekarun nan jikin mijinki ne da gaske.

Amma Lombe bai yi laifi ba. Jitar tasa ce, masu ba shi aiki sauti mai tsabta suke so, yana da iyali. Ki sake karanta abin da ya ce da ya miƙo miki gwangwanin. Mutumin nan ya tashi yana jin ki kina faɗa da ƙudan zuma, ya zaci kyauta ya kawo miki. Bai san agogonki ya cire ba, don ba ki taɓa gaya wa kowa ba sai ni. Bana Lombe ma ki yi mata uzuri. Wanta ta rasa, so take ta ji ana kiran sunansa a tsakar gida.

Ga shawarata. Ki je wurin Lombe da kanki, ba ta bakin uwarsa ba, ki ba shi labarin wanki da tabarau da shayi kamar yadda kika ba ni. Ki roƙe shi aron sautin, ba jitar ba. Mai gyaran ya ce sauya kunne ɗan aikin dalma ne, ana cirewa a mayar ba tare da jitar ta ji ciwo ba, Lombe zai iya komawa kan sababbinsa bayan an buɗe dutsen. Ya kuma ja kunne cewa kada kowa ya kankare tsatsar ko ya sake naɗa wayar tsofaffin, in aka yi haka sautin ya tafi ke nan.

Kada ki bari sai a bakin kabari ki fara ji, ga dangi sun zuba miki ido. Ki sa ya zo wata Asabar kafin nan, ba maƙwabta, ba Ba Chisenga. Shi yana baranda, ke kina bayan gida. Ba zan yi miki alkawarin hawaye ba, ba zan kuma ce za ki ji mijinki sak ba, don rabin sautin a yatsunsa yake, yatsun kuwa sun tafi. In kin ji ba komai, ba ki yi asara ba, gwangwanin zai dawo saman kabad, sai dai yanzu ku biyu ne kuka san abin da ke ciki. In kuma har bayan nan abinci bai dawo da ɗanɗano ba, ki je asibiti ki faɗa musu, akwai masu taimakawa a kan irin wannan.

Batun suna, kada ki tilasta wa bakinki. Ki dai saurara ranar. Za ki ji zuuu, sa'an nan ya ɗauke. Hannun da ya ɗauke shi na mai rai ne, mijinki ne ya koya masa inda ake ɗora shi, kuma yana zaune a barandarki yana jira. Ki tsame hannu daga ruwan wanki, ki kai masa shayi, ki kira shi da duk sunan da ya zo bakinki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa a buɗe dutsen lafiya, ya bar zumunci.

Mama Namfukwe